DAGA JAKAR MASU SAURARO: Ina Za A Sa Madafa, Kuma Me Za A Bari A Kan Kanta?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a gidan rediyo mun sake kawo ta a rubuce, saboda waɗanda shirin ya wuce su suna gona ko suna kasuwa, da kuma waɗanda suka roƙi a buga masu don su ajiye.

Takardu biyu ne suka zo mana a kan magana ɗaya, shi ya sa muka haɗa su. Ta farko daga wani magidanci ce a garin Kankiya, manomi kuma mai sayar da hatsi. An raba masu gado, ya sami fili a bayan gidan mahaifinsu, yana so in an gama kaka ya kira magina. To yana tambaya ina ya kamata ya sa ɗakin girki, ina rumbu, ina rijiya, ina kuma bayan gida. Ta biyu kuwa daga wata baiwar Allah ce a wajen Yashe ta ƙasar Kusada, mai sana'ar waina da ƙosai a cikin gida. Ita ba gini za ta yi ba. Kukanta shi ne madafarta ta cika ta batse, ko faifai ba ta da inda za ta ajiye, kuma kwanan baya ta tarar da yaronta ɗan shekara 2 ya ɗauki kwalbar lemo ya kai baki, alhali kuwa kananzir ne a ciki. Allah ya kiyaye bai haɗiya ba. Hajiya, barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa.

Wani zai ce me ya haɗa ƙato da maganar madafa. To ai namiji ne ke tsayawa da magini ya nuna inda za a aza tubali, mace kuwa ita ce za ta yi shekara 30 tana shan hayaƙin wurin da ya nuna. Saboda haka Malam na Kankiya, da kai za mu fara, domin Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.

Abu na farko da za ka duba shi ne iska. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, kuma a daidai lokacin ne komai ya bushe ƙayau: kara, zana, jinkar ɗaki, da harawar da ka jibge a kan rumfa. Idan ka sa madafa a gabas ko arewacin gida, to duk tartsatsin da ya tashi daga murhu iska za ta kwashe shi ta ratsa tsakar gida da shi, ta kai shi kan abin da ka wahala ka noma. Idan kuwa ka sa ta a yamma, ko kudu maso yamma, tartsatsi da hayaƙi waje za su nufa. Sa'an nan ka toshe bangonta na gabas da na arewa, ƙofarta ta dubi kudu ko yamma. Wannan bango na gabas zai yi maka aiki biyu, don kowa ya sani hadarin damina daga gabas yake tasowa da iskarsa.

Na san wani dattijo zai ce mani, ai da damina iska takan juyo daga kudu maso yamma, ta maido hayaƙin cikin gida. Gaskiya ne Baba, haka take yi. Amma da damina jinka a jiƙe take, rumbu kuma ya yi ƙasa. Hawayen hayaƙi na wata huɗu ya fi sauƙi a kan ka wayi gari ka ga dawar shekara ta zama toka. Tsakanin murhu da rumbu, a ganina, kada a gaza taki 10 zuwa 15 in fili ya yarda, kuma kada ka bari a jingina kara ko itacen girki a jikin rumbu don neman inuwa. Turken dabbobi da akurki su ma a nesanta su da madafa, a sa su ta inda ruwan sama ke gangarawa ya fita, kada ya biyo ta wurin girki da kashin awaki.

Sai maganar rijiya da masai, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro a cikin tambayarka. Ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin masai da rijiya, watau kamar taki 40 na babban mutum, kuma masai ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Haka nan ƙasan ramin kada ya kusanci ruwan ƙasa, a bar kamar mita ɗaya da rabi tsakani. Dalili kuwa shi ne ƙazanta tana bin ƙasa a hankali, musamman ƙasa mai yashi, ta tsiyaya cikin rijiya ba tare da ruwan ya canza launi ko ɗanɗano ba. A shekarar 2021, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙidaya mutum fiye da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Nijeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Waɗanda suka yi jinyar amai da gudawa a waccan damina ba sa bukatar in tuna masu.

To a cikin gari kamar Kankiya, inda gida ke manne da gida, taki 40 ba kowa ke da shi ba. Kuma ka tuna ƙazanta ba ta san katanga ba: masan da ka nesanta da rijiyarka yana iya zama taki biyar da ta maƙwabcinka. Don haka ka leƙa ka ga inda tasa take kafin ka haƙa, ku yi shawara, in ta kama ma ku nemi duba-gari na ƙaramar hukuma ya zo ya gani. In fili ya ƙi, gara ka haƙura da rijiya a cikin gida ka riƙa ɗibar ruwa a famfon burtsatse. Maganar kada mai biyan bukata ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, wannan maginanmu sun san ta, ba sai na koya masu ba.

Na ambaci duba-gari sai na tuna labarin da iyayenmu ke bayarwa, yadda a zamanin En'e yakan shigo gida ya leƙa randa ya ga ko akwai tsutsar sauro, mata na jin an ce ga shi nan sai a hau shara da wanke-wanke. Daga baya kuma, a 1985, gwamnatin soja ta Buhari da Idiagbon ta kawo sharar ƙarshen wata. Duka biyun tsoron hukuma ne ya riƙe su, shi ya sa da tsoron ya tafi sai tsintsiya ta huta.

Kafin in bar ka Malam, ga maganar hayaƙi. Yawancin madafun da nake gani a ƙauyukanmu ɗaki ne mai ƙofa ɗaya, ba taga, bango ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. To abin da ya yi wa bango haka shi ne yake shiga ƙirjin matarka da na jaririn da ke goye a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a duniya, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000. Magani mai arha shi ne a bar tagogi biyu a sama kusa da rufi, a bango biyu masu kallon juna, domin hayaƙi sama yake nema. In da hali, a yi rumfa a gefe don girkin rani, a bar ɗakin don ranar ruwa. Murhun da aka kewaye da laka, aka bar masa baki ɗaya na sa itace, ya fi duwatsu uku a fili riƙe zafi, ya fi su cin itace kaɗan, kuma tukunya ba ta gocewa a kansa.

Yanzu kuma Hajiya ta Kusada, ga taki.

Bari in ba ki wani labari daga nesa. A shekarar 1926, a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus, an sa wata mata 'yar ƙasar Ostiriya mai zanen gine-gine, sunanta Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗakin girki don gidajen ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi. Kafin ta zana komai sai da ta yi nazarin yadda mace ke kai da kawowa in tana girki, taki nawa take yi, minti nawa kowane aiki ke ci. Ɗakin da ta fitar faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa bai kai mita 3 da rabi ba, amma kowane abu da mazauninsa, har da 'yan akwatunan gari da shinkafa da sukari, kowanne an rubuta sunansa a jiki. An gina irinsa wajen 10,000. Na tabbata madafarki ta fi wannan ɗaki girma. Ashe ke nan ƙarancin wuri ba shi ne dukkan matsalar ba.

Amma kada ki ce za ki kwaikwayi teburin Turawa. Su a tsaye suke girki, ke kuwa a kan kujera 'yar tsugunne kike tuƙa tuwo, kike juya waina a tanda. Abin da za ki ɗauka daga wurinta shi ne lissafin taki. Wurare uku ne ƙafarki ke zagayawa kullum: wurin wuta, wurin ruwa, da wurin ajiyar kayan miya da gari. Gobe in kin tashi suya, ki ƙirga sau nawa kika miƙe don ɗauko abu. Duk abin da ya tashe ki fiye da sau biyu, mazauninsa bai yi daidai ba.

Daga nan sai ki zaɓi rana guda da ba ki suya, ki fitar da komai da komai tsakar gida, har da abin da ke bayan ƙofa. Ki kasa shi kashi huɗu. Kashi na farko abin da hannunki ke taɓawa kullum: muciya, mara, ludayi, maburgi, wuƙa, gishiri, kanwa, daddawa, tukunyar tuwo da ta miya. Waɗannan kaɗai ke da izinin zama kusa da murhu. Kashi na biyu abin da sai mako-mako, kamar madambaci da rariya da babban kasko. Waɗannan a rataye su ko a kife su a sama. Na uku kayan biki da suna da salla, manyan tukwane da fantekoki da kulolin da aka yi maki gara da su. Ɗaki za su koma, ko ƙarƙashin gado. Na huɗu kuwa shi ne wanda zuciya ba ta son rabuwa da shi: fasasshiyar roba, langar da ta huje, gwangwanayen madara 20 da ake cewa wata rana za su yi amfani, murfin da tukunyarsa ta mutu tun haihuwar yaron fari. Ki tara su ki ba masu sayen gwangwan, ko kuɗin ashana kin samu. Ni kaina da muka yi wannan a gidana, buhu guda muka cika, uwargida tana cewa a bar mata wannan, a bar mata wancan.

Bango shi ne filin da ba ki amfani da shi. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka yi ragaya suna rataye ƙwaryar nono da ta fura, kyanwa ba ta kai ba, kaza ba ta kai ba, yaro bai kai ba. Ki sa maigida ya kafa maki katako ɗaya a bango daidai kafaɗarki in kina tsaye, da ƙusoshi shida ko takwas a ƙarƙashinsa. Wuƙa da ashana can sama. A ƙasa kuma, ta hannun damanki in kina zaune, a ɗaga ɗan dakali na laka ko siminti, tsayinsa kamar kamu biyu, faɗinsa ya ɗauki faranti biyu da ƙwaryar ƙullu. Wannan dakali shi ne kantarki ta aiki, kuma dokarsa ɗaya ce: in an gama girki a share shi, a bar shi wayam. Ranar da kika bar gwangwani ɗaya ya kwana a kai, kafin mako ya zagayo ya kira 'yan'uwansa.

To sai babbar magana, wadda ta sa kika rubuto. Akwai abubuwan da ko kusa bai kamata su shiga madafa ba, ko a sama ko a ƙasa: kananzir da fetur, fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshi na gona, takin zamani, da ƙwayar nan ta Phostoxin da ake sa wa hatsi. Yaro ɗan shekara 2 bai san karatu ba, siffar kwalba ya sani. Ya ga yayyensa sun sha lemo a irinta, shi ke nan. Saboda haka kada a sake zuba kananzir ko magani a kwalbar lemo ko ta ruwan sha, kuma kada a wanke jarkar maganin feshi a ce za a zuba man gyaɗa ko ruwa a ciki, don roba tana riƙe dafin. A sami tsohuwar akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ajiye ta a zaure ko shago, makulli a aljihun maigida.

Malam na Kankiya, kai da ke sayar da hatsi, wannan ta shafe ka fiye da kowa. Ita ƙwayar Phostoxin, da ta sha danshin iska sai ta riƙa fitar da wata iska mai guba, wadda ita ce ke kashe ƙwarin. Iskar nan ba ta bambanta ƙwaro da mutum. Kada ka sa ta a buhunan da ke ɗakin da ake kwana, ko ɗakin da ke jikinsa in bangon bai kai rufi ba. Tun a zanen gidan ka ware ɗakin ajiya mai ƙofarsa daban. Ka tuna a 2008 ɗalibai mata fiye da 100 a wata makaranta a Jihar Gombe aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake mai magani, kuma a shekarar ce hukumar NAFDAC ta haramta magungunan ƙwari guda 30, ciki har da Gammalin da manyanmu suka sani. A 2019 kuma ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna. Ga wake dai akwai hanyar da ba ta bukatar magani ko kaɗan, watau buhun PICS mai gida uku, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhu a waje. In wake ya bushe sosai, aka matse iska, aka ɗaure kowane gida daban, ƙwarin sukan mutu don rashin iska. Jarka ko durom mai murfin kirki ma yana yin wannan aiki, muddin an cika shi taf an toshe.

Abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya isa ya nuna mana haɗarin haɗa sana'a da wurin abinci. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida ana daka su ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Mu nan ba zinariya muke daka ba, amma mai gyaran batir a cikin gida, da mai auna maganin feshi da cokalin shayi, da mai sayar da fetur a kwalba yana ajiye jarkoki bayan ɗakin girki, duk hanya ɗaya suka kama.

In kuwa tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, yaro ya haɗiyi kananzir, Hajiya kada ki sa masa yatsa a maƙogwaro, kada ki ɗura masa manja ko madara don ya yi amai. Wajen aman ne kananzir ke faɗawa huhu, kuma a can yake yin ɓarnar. Ki cire masa rigar da ta jiƙe, ki ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Kankiya in hanya ta yi. In maganin ƙwari ne, ki tafi da kwalbar don likita ya ga sunansa. Ƙuna kuma, ta wuta ko ta man suya, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta kwarara mata har kamar minti 20. Ban da toka, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. Ke da kike suya da yara a gida, ki juya hannun kasko ya dubi bango, kuma ki sa wani ɗan shinge, ko da tsohon benci ne a kwance, tsakanin tanda da inda suke wasa.

Ragowar abinci da gari da ƙullu, komai ya kwana a rufe. Ɓera yana son madafa mai tarkace don tana ba shi maɓoya, kuma fitsarinsa da kashinsa a kan abinci su ne hanyar zazzaɓin Lassa, cutar da ta samo sunanta daga garin Lassa na Jihar Borno, inda aka fara gane ta a 1969, wadda kuma ta fi tashi da rani. Randa a ɗora ta a kan ɗan tudu, da murfi, da moɗa guda mai dogon hannu da za a rataye a ƙusa, kada kowa ya tsoma kofin da ya sha da shi. Masu tukunyar gas kuma, da yake yanzu ta fara shiga ƙauyuka, su sani iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya in ta tsiyaya. In an ji warinta a buɗe ƙofa, kada a ƙyasta ashana, kuma da ruwan kumfar sabulu ake gwada tiyo, inda ya yi ƙwai nan ne ke yoyo.

Malam, ga abin da za ka yi kafin magina su zo. Ka ɗebi toka a kwano, ka zana gidan a ƙasa da girmansa na gaskiya, ɗaki-ɗaki, har da inda ƙofofi za su kasance. Sa'an nan ka kira uwargida ta ɗauki bokiti cike da ruwa, ta taso daga inda rijiya ko ƙofar gida za ta kasance zuwa wurin randa, daga nan zuwa murhu, daga murhu zuwa inda za a kai maka abinci. Ka tsaya ka kalli inda ta yi kwana, da inda ta tsallake layi. Duk inda ta tsallake, ka share tokar da ƙafa ka sake zanawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba takardar wani mai sauraro daga Ingawa a kan gara da ke cin azarar ɗaki.